Mako Goma Sha Biyu a Gadarif

Wuta ta ɗauke tun bayan isha'i.
Na jingina fitilar waya da kofin shayi,
na ja layi goma sha biyu a farar takarda,
kowane layi mako guda,
kamar mai tada kunya a gonar aro.

Ustaz Tijjani ya ce ran Asabar
yake son manhajar Turanci a teburinsa,
daga gaisuwa har rubuta wasiƙa.
Shi da baki ya faɗa,
ni ke ɗauke da tulun.

Makon farko, gaisuwa.
Na rubuta, na yi dariya ni kaɗai.
Yaya zan gaya wa Baba Nafi'u direban tarakta,
mai tambayar gajiya da iyali da ruwan bana
kafin ya ce maka taya ta fashe,
cewa a wannan harshe kalma ɗaya ta isa,
ka ɗaga hannu, ka wuce?
Zai ce mutanen ba su da dangi.

Mako na biyu na bar wa harafi ɗaya tak,
wanda ake haɗe leɓe a saki da iska.
Larabcin kasuwa ya mai da shi ba,
Hausar gida ta mai da shi fa,
ajina ya tsaya kamar jaki a mararraba.
Zan sa kowa ya riƙe takarda a bakinsa
mu ga wa zai sa ta rawa.

Na uku, ƙidaya.
Amma Tasalla mai shayin bakin tasha
ta iya lissafi tun ban iya ɗaura wando ba.
Ita jikarta ta kawo ta,
yarinyar da aka haifa inda ƙanƙara ke zuba,
wadda Hausarta ba ta wuce "Kaka" ba,
sauran duk surutu ne a waya
da Tasalla ke amsa wa da murmushi.
A wane layi zan sa wannan?
Littafin da aka aiko mana
ya san yadda ake yankan tikitin jirgin ƙasa
da yabon rana in ta leƙo.
Mu nan rana ba baƙuwa ba ce.

Na shida da na bakwai sun faɗa kan yankan riɗi.
Riɗi ba ya jiran malami,
ka makara ya buɗe baki ya zube.
Benci zai rage daga ni sai Ummulhairi
mai neman jarrabawar jinya,
da alli, da ƙudan da bai biya kuɗin wata ba.
Nan na so koyar da abin da ya wuce.
Na goge. Na tura shi na takwas,
sa'ad da za su dawo da kanta a tafin hannu
da labari cike da baki:
na yanka, na ɗaure, na kwana a gona,
an biya ni, ba a biya ni ba.
Aikatau ya fi zama a kai
in jiki ya riga ya sha shi.

Na ƙarshe, abin da zai zo.
Alƙalami ya tsaya.
A garin nan ba mai cewa gobe
bai rataya mata in Allah ya so ba,
littafin kuwa ya sake ta tsirara.
Zan koya musu yadda take,
su sa mata riga a zuci.

Can wajen asuba fanka ta motsa.
Na duba takardar, duk kibiyoyi da gogewa,
layi na tara babu komai.
Na bar shi haka, na Tasalla ne:
ta zo da wayarta, mu saurari yarinyar tare.

Ustaz zai tambayi dalilin fensir.
Zan ce biro ya ƙare.